A Bisa Keke Daga Madawa Zuwa Keita: Hanyoyin Dutse da Fadama na Ƙasar Adar

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma tafiya iri-iri ce. Wanda ya shiga mota a tashar Madawa da hantsi, ya bi ta Buza da Keita ya sauka Tawa, in ka tambaye shi abin da ya gani a hanya, da wuya ya faɗa maka wani abu in ba ƙura da girgiza ba. Alhali kuwa ya ratsa ɗaya daga cikin yankunan da suka fi kyan gani a ƙasarmu Nijar, ya kuma wuce ta gefen manyan ayyuka biyu na kokowa da hamada waɗanda sunansu ya kai ƙasashen duniya.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa mai son sanin ƙasa sai ya bi ta sannu. Don haka suka ware hanyoyi na musamman, inda mota ba ta shiga, domin masu keke su yi kwana da kwanaki suna ratsa duwatsu da dazuzzuka da bakin koguna. A wannan shafi na yau za mu duba yadda abin yake a can, sa'an nan mu auna shi da abin da Allah ya hore mana a gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jahar Tawa. Maganar ta shafi yawon buɗe ido, ta kuma shafi makomar itatuwa da gonaki da hanyoyin da iyayenmu suka yi wa gumi.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A ƙasar Faransa, tun shekarar 2004 dokar hanya ta amince da wani irin tafarki da suke kira koriyar hanya. An hana mota da babur bin sa, an bar shi ga mai keke da mai tafiya a ƙasa. A bakin kogin Luwar, suna da hanyar keke mai tsawon wajen kilomita 900, wadda ta bi kogin har inda ya faɗa teku. Wani sashenta keɓaɓɓe ne, wani kuma ƙananan hanyoyin ƙauye ne da mota ba ta cika bi ba. A bakin kogin Danub, tsakanin garin Fasau na Jamus da Biyana babban birnin Otirishiya, akwai wata mai tsawon kilomita 300 da ɗoriya, wadda iyalai ke bi har da ƴaƴansu ƙanana.

Akwai kuma wadda ake kira Vennbahn, mai tsawon kilomita 125, wadda ta taso daga garin Ahen na Jamus, ta ratsa tuddai da dazuzzukan gabashin Beljik, ta shiga Luksambur. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce aka cire ƙarafanta aka shimfiɗa kwalta. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani, sai ya zamana ko tsoho yana iya tuƙa kekensa a kanta ba tare da ya galabaita ba.

Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin Turawa ne kaɗai. A nan Afirka, ƙasar Ruwanda ta buɗe wata hanya a shekarar 2011, mai tsawon kilomita 227, a gefen tafkin Kibu, daga Rubabu zuwa Rusizi. Ba su gina sabuwar hanya ba. Hanyoyin da manoman gahawa da ayaba suke bi tun da can, su aka haɗa, aka kafa musu alamomi, aka nuna wa matafiyi inda zai sami ruwa da abinci da makwanci.

Ribar abin a bayyane take. Mai mota yana sayen mai a babban gari, ya wuce ƙauyuka ko sallama babu. Mai keke kuwa yana jin ƙishirwa da yunwa, tayarsa tana sacewa, dare yana riskarsa. Saboda haka kuɗinsa a hannun mai fura da mai tuwo da mai faci da mai masauki suke ƙarewa, watau a hannun mutanen karkara.

Ƙasar da muke magana a kanta

Yankin da ma'aikata ke kira Adar-Dutsi-Majiya ƙasa ce ta tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda baƙin dutse ya rufe, wasunsu sun haura mita 600 daga bisa teku. Ruwan damana na dubban shekaru ya yayyanka su, ya bar manyan kwaruruwa a tsakaninsu: na Keita da na Badagishiri a arewa, na Majiya a tsakiya, sai fadamar Tarka daga gabas da kudu. Matafiyi yana cikin tafiya bisa dabagi, babu kome sai tsakuwa da geza, kwatsam sai ya ga ƙasa ta ɓalle a gabansa, can ƙasa ga shuka kore shar, ga rumbuna, ga hayaƙin gari.

A gindin duwatsun nan yara kan tsinci wasu duwatsu masu siffar katantanwa da ƙwanson halittun ruwa. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa teku ya taɓa rufe wannan wuri, shekaru sama da miliyan 50 da suka wuce. Farin dutsen da tekun ya bari, shi ne irin wanda ma'aikatar siminti ta Malbaza ta fara sarrafawa tun shekarar 1966.

Ruwan sama a yankin kaɗan ne, yawanci tsakanin milimita 300 da 500 a shekara, kuma a cikin wata uku ko huɗu yake sauka. In ya sauka bisa dutse ba ya tsayawa, sai ya taru ya zama kori mai gudu, ya kwashe ƙasar gona, ya yanke hanya. Wannan shi ne ciwon Adar tun fil azal, kuma shi ya sa samarinta suka yi suna wajen tafiya cin rani zuwa Kano da Legas da Abijan. Tun kafin zuwan injiniyoyi, manoman Adar sun san jera duwatsu a gona domin tare ruwa, abin da suke kira gandari.

Babbar hanyar mota ta haɗa Madawa da Buza, wajen kilomita 50, daga Buza zuwa Keita wajen 60, daga Keita zuwa Tawa wajen 70. Amma a dama da hagun wannan hanya akwai ɗaruruwan ƙananan hanyoyi na amalanke da jaki da ƙafa, waɗanda suka haɗa ƙauye da ƙauye, da kasuwa da kasuwa. Su ne dukiyar da muke nufi. Ana iya kasa tafiyar zango uku.

Zango na farko: fadamar Tarka

Madawa tana bakin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi. Garin Gobirawa ne, kuma ya yi suna da tabarmin kaba masu ado, waɗanda mata ke saƙawa da kabar goriba. A gefensa fadamar Tarka ta shimfiɗu, ta gangaro daga wajen Ƙarofane, ta wuce Sabon Gida, ta nufi iyakar Najeriya inda take haɗuwa da gulbin Rima.

Wannan zango shi ya fi sauƙi, domin babu hawa. Ruwa yana kusa ƙwarai a ƙarƙashin fadama. A cikin shekarun 1990, wani aiki da Tarayyar Turai ta ba da kuɗinsa ya yaɗa dabarar haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse da hannu, tare da injinan ban ruwa. Daga nan noman albasa ya bunƙasa. Irin da aka fi shukawa shi ne ja na Galmi, wanda ake lodi a manyan motoci zuwa Gana da Kodibuwa da sauran ƙasashen bakin teku. Mai keke da ya bi ta Tumfafi da rani zai ga fangalai jere, da rumbunan kara da ake ajiye albasa a ciki har farashi ya tashi, da mata masu shanya ganyenta domin yin gabu.

Mai son tarihi kuma zai karkata zuwa Galma da Azarori, mazaunin Abzinawa Kel Geres. A Galma ne mayaƙansu suka gwabza da sojan Faransa a shekarar 1901. Ɗan makaranta da ya karanta wannan a littafi, in ya tsaya da ƙafarsa a wurin, ya ji bayani daga bakin dattawan garin, ba zai sake mantawa ba, domin gani ya kori ji.

Abin lura a wannan zango shi ne rairayi. A wasu wurare taya tana nutsewa, sai mutum ya sauka ya tura. Hanyoyin da ke bin gefen garake sun fi tauri, amma na masu gona ne, sai an yi sallama an nemi izini.

Zango na biyu: kwarin Majiya

Daga Madawa in aka nufi arewa, ƙasa tana fara tashi. Buza tana zaune a cikin duwatsu, daga yammacinta kuma kwarin Majiya yake. Majiya kogi ne na damana. Yana tattara ruwan duwatsun Buza, ya gangara kudu maso yamma ta kusa da Birnin Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin ƙasar Sakkwato.

Dattawan kwarin suna ba da labarin cewa a dā wurin kurmi ne. Yawan jama'a da faɗaɗa gonaki da fari suka cinye itatuwan. Bayan farin 1973, iskar hunturu ta riƙa kwashe ƙasar gona, iskar farkon damana kuma tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin ta kama. A shekarar 1975, ma'aikatan daji na Buza tare da ƙungiyar CARE ta Amurka suka fara dasa layukan kare iska a Garadume. Dabarar ita ce a dasa dogon yaro layi biyu a jere, a bar tazarar mita 100, a sake dasa wasu layi biyu, duka a gicciye da inda iska ke fitowa. Daga baya aka ƙara bagaruwa. Mutanen gari suka haƙa ramuka suka dasa, aka ɗauki masu gadi domin hana dabbobi cin dashen.

Kafin ƙarshen shekarun 1980, tsawon layukan ya wuce kilomita 400. Awon da masana suka yi a gonakin ya nuna cewa hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili yawa da kashi 15 zuwa 23 cikin 100, duk da filin da itatuwan suka ci. Daga shekarar 1984 aka fara sassabe rassan ana samun itacen gini da na wuta. Masu nazarin aikin gona daga ƙasashe da dama sun zo sun gani, sun rubuta labarin Majiya a littattafansu.

Ga mai keke, babu abin da ya kai wannan zango daɗi. Yana saukowa daga dutse, rana ta gasa shi, sai ya shiga inuwa mai tsawo, iska ta lafa, ya ji kukan tsuntsaye. Hanyoyin amalanke sun bi ta tsakanin Garadume da Ayawan da Tama. In ya ɗaga kai zai ga gawo a cikin gonaki, itacen da ke zubar da ganye da damana ya yi kore da rani, wanda manomi ya san hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau.

Sai dai itatuwan farko sun kai shekara 50 a yanzu. Itace kuwa kamar mutum yake, yana tsufa. Duk inda aka sare ba a maye ba, giɓi ya samu, kuma ta giɓi iska take shiga da ƙarfin da ya fi na dā. Matafiyin da ya bi layukan a hankali, shi zai ga inda suka cika da inda suka yi giɓi, abin da mai wucewa cikin mota ba zai taɓa lura da shi ba.

Zango na uku: duwatsun Keita

Tsakanin Buza da Keita ne hawa da gangara suka fi tsanani. Nan ne keke ke gwada ƙarfin mai shi. Amma nan ne kuma ido ke samun abin kallo mafi girma.

A watan Mayu na 1984, a zamanin mulkin Janar Seyni Kunce, aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A wannan shekara ta fari da yunwa aka buɗe aikin raya karkara na Keita, wanda jama'a suka fi sani da Furoje Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe aikin, hukumar PAM kuma ta ba da cimaka a matsayin ladan ma'aikata. Da yake maza da yawa sun tafi cin rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Su suka farfasa dutse, suka ɗauka a ka, suka jera.

An yi aikin daga bisa zuwa ƙasa, yadda ruwa ke bi. A kan tudu aka ja kunyoyi aka ƙarfafa su da dutse. A jikin gangara aka haƙa ramuka masu tsawo, kowane da itace a cikinsa, domin ruwa ya tsaya ya nutse. A cikin koramu aka gina shingayen dutse da aka ɗaure da waya, da madatsun ruwa masu rage gudun ambaliya. Lissafin da aka yi bayan kusan shekara 20 ya nuna an dasa itace wajen miliyan 18, an farfaɗo da ƙasa sama da hekta 34,000, an haƙa rijiyoyi kusan 700, an kuma buɗe hanyoyin karkara fiye da kilomita 300.

Waɗannan hanyoyi, da aka yi domin kai dutse da dashe da abinci wuraren aiki, su ne ƙashin bayan hanyar keke a gundumar Keita. Suna hawa tudu, suna sauka kwari, suna wucewa ta bakin tafkunan da madatsai suka tara, inda ake noman rani, shanu da raƙuma ke shan ruwa. Daga Keita, garin da Abzinawa Lisawan ke riƙe da sarautarsa, ana iya zuwa Ibohamane a ga madatsar da aka gina a ƙarshen shekarun 1960 da gonakin ban ruwa na ƙarƙashinta. Ana iya zuwa Garhanga ta kudu, ko a bi yamma zuwa Tamaske mai babbar kasuwa, daga nan a ƙarasa Tawa.

Wanda bai san wurin a 1984 ba, zai zaci itatuwan ƙaya da ke jikin duwatsun nan da kansu suka fito. Don haka tafiyar tana bukatar ɗan jagora daga cikin mutanen gari, ko kuma wata tsohuwa daga cikin waɗanda suka yi aikin, ta nuna da hannunta ta ce a nan muka fara.

Lokacin tafiya da shirinta

Lokacin da ya dace shi ne daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. An gama girbi, hanyoyi sun bushe, sanyi ya sauka, aikin garka yana ci. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40, tafiyar keke a lokacin kasada ce. Da damana kuwa koramu ne abin tsoro. Ruwa yana iya sauka a kan dutse nesa, kori ya cika cikin ɗan lokaci alhali inda kake ko ɗigo bai faɗo ba. Kada a tsallaka kori yana gudu, kada a kwana a cikinsa ko da ya bushe.

A tashi da asuba bayan salla, a yi zango kafin rana ta take, a ci gaba bayan la'asar. A irin wannan ƙasa, kilomita 30 zuwa 40 a yini sun isa. Da haka mutum zai kai Keita daga Madawa cikin kwana huɗu ko biyar, yana ratse yana kallo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba sai an nemi keke mai tsada ba. Baƙin keken da ake kai kaya kasuwa da shi yana iyawa, in dai birkinsa na gaba da na baya suna kamawa, domin gangaren Adar ba a wasa da shi. Babban abokin gabar mai keke shi ne ƙaya: ta aduwa, da ta magariya, da ta bagaruwa, da tsaidau da ke kwance a ƙasa. A riƙe famfo da kayan faci da robar ciki guda biyu. A riƙe ruwa aƙalla lita 5 ga kowane mutum, da rawani saboda ƙurar hunturu, da bargo saboda sanyin dare, da katin shaida.

Kada a tafi mutum ɗaya. In an isa gari a fara da ƙofar mai gari, a gaishe shi, a faɗi daga inda aka fito da inda aka nufa. Shi zai nuna masauki, shi zai faɗi halin da hanyar gaba take ciki. A sayi abinci a biya, kada a mai da karamcin talaka abin dogaro. Kada a ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da yardarsa.

Matsalolin da ke gabanmu

Ta farko ita ce tsaro. Tun shekarar 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, a arewacin jahar Tawa. A kudu kuma ta'asar ƴan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya ta koro dubban mutane zuwa yankin Bangi, cikin gundumar Madawa, ta kuma sa ƙauyukan bakin iyaka zaman ɗar-ɗar. A irin wannan hali, baƙi daga Turai ba za su zo da kekunansu gobe ko jibi ba. Mu kanmu, kafin a ɗaura kaya, wajibi ne a sanar da hukumar gunduma da jami'an tsaro, a bi shawararsu, a nisanci inda suka ce a nisanta. Amma wannan bai hana a shirya ba. Matafiyan farko ƴan ƙasa ne: ƴan makarantun Tawa da Madawa da Ƙonni, da malamansu, da ma'aikatan gona da na daji, da ƙungiyoyin samari.

Ta biyu ita ce cin hanya. Kowace damana wani manomi yakan ƙara kunya ɗaya ko biyu daga cikin hanya, har inda amalanke biyu ke giftawa ya koma da ƙyar jaki ke wucewa. Haka ake yi wa burtalin dabbobi, kuma daga nan rigimar manoma da makiyaya take tasowa. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, kuma aikinsu ne su shata iyakar hanya da burtali. Hanyar da aka shata aka kafa wa alama, ta tsira.

Ta uku ita ce babur. Ba mai musun amfaninsa, shi ke kai marar lafiya likita cikin dare. Ba za a iya hana shi bin hanyoyin ƙauye ba, kamar yadda aka yi a Faransa. Abin da za a iya shi ne a zaɓi hanyoyin da manyan motoci ba su bi, a kuma ja kunnen masu babur su rage gudu inda yara da mata da masu keke ke bi.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce rashin gyara. Furoje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, amma kori ba ya hutu. Madatsa tana cika da laka, waya tana tsatsa, shinge yana ɓallewa, gatari yana shiga dashe. In aka bar su, abin da aka gina cikin shekara 20 yana iya rushewa, kuma babu tabbacin wata ƙasa za ta sake zuwa ta gina mana.

Abin da za a iya yi

Aikin ba ya bukatar miliyoyi. Da farko, hukumomin komin na Madawa da Galma da Buza da Tama da Garhanga da Keita da Ibohamane da Tamaske su zauna da sarakuna da masu gari, su zaɓi hanya guda, su zana taswirarta. Na biyu, a kafa alamomi da abin da ƙasar ta fi wadata da shi, watau dutse. A shafa masa farar ƙasa, a rubuta sunan gari na gaba da nisansa da inda rijiya take, da Hausa da Tamajak da Faransanci. Waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi aiki: ku za ku rubuta allunan, ku za ku riƙe littafin baƙi, ku za ku rubuta tarihin garinku daga bakin tsofaffi tun suna raye.

Na uku, a kowane zango a samu ɗaki guda mai tsabta da tabarmi da randa da makewayi, a ba ƙungiyar mata riƙonsa, abin da aka samu ya shiga asusunsu. Na huɗu, a koya wa saurayi ɗaya ko biyu gyaran keke a kowane babban ƙauye. Wanda ya sami abin yi a gida da rani, ƙafarsa ɗaya ta fita daga hanyar cin rani. Na biyar, tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasarmu. Maimakon a dasa a inda ba mai komawa ya duba, a dasa a bakin wannan hanya da cikin giɓin layukan Majiya, kowane gari ya san nasa, ya ba shi ruwa, ya kare shi daga awaki.

Kada a manta, hanyar da aka gyara saboda baƙo, ɗan gari ne zai fi cin moriyarta. Baƙo sau ɗaya zai bi ta a shekara. Ɗan makaranta mai zuwa kwaleji daga ƙauye, da mai kai albasa kasuwa, da malamin asibiti mai yawon rigakafi, su kullum suna kanta.

Muna kira ga shugabannin gundumomin uku, da sarakunanmu, da shugabannin makarantu, su gwada abin ko sau ɗaya a hutun ƙarshen Disamba: ɗalibai 20, da malamai biyu, da ma'aikacin daji ɗaya, daga Buza zuwa Garadume su kwana su komo. In sun dawo su rubuta abin da suka gani, layi nawa ke tsaye, shinge nawa ya ɓalle, su miƙa wa hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matan Keita da manoman Majiya sun sauke nasu nauyi a lokacin da ciki ba kome. Ya rage ga ƴaƴansu da jikokinsu su je su ga aikin, su san darajarsa, su riƙe shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Amin.